Ƙwan Baƙar Kaza

Ƙwai biyu Kaka ke bin jikarta, kuma ba ta da niyyar yafewa. Na baƙar kazarta ne, yarinyar ta shiga akurki ta kwashe, wai aro. Aron ƙwai, jama'a!

Ita jikar ta gama karatun koyarwa, wata makaranta ta kira ta gwaji. Darasi ɗaya za ta yi, shugabar makaranta na zaune a bayan aji tana kallo. In ya yi kyau aiki ya samu, in bai yi ba a dawo zaman gida. Darasin kuwa a kan ƙwayoyin halitta ne, wai wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da aka gina jikin mai rai da su.

Ta jiƙa ƙwan nan a ruwan kal, wato binigar nan mai tsami, har ɓawon ya narke. Kaka ta sa yatsa ta latsa, ta ji laushi kamar kumatun jariri.

"Ke, kin tuɓe wa ƙwaina riga?"

"Tantaninsa ne ya rage, Kaka. Kowace ƙwayar halitta a jikinki tana da nata tantanin. Mai gadi ne. Ruwa ya wuce, manyan abubuwa su tsaya a ƙofa."

"Da irinsa na samu a ƙofar akurki, da ba ki shiga ba."

Yarinyar ta saka ɗaya a kofin ruwan zalla, ɗaya a kofin ruwan sukari mai kauri, ta jera su a taga. Kaka ta ce ita ba ruwanta, amma ko alwala za ta yi sai ta bi ta gaban taga ta leƙa. Na ruwa ya kumbura ya yi sumul. Na sukari ya yamutse kamar gwiwar hannunta, wai ruwan cikinsa ne ya fice ta tantanin.

Ranar gwaji da safe jikar na wanka, Kaka ta ga tururuwa sun yi wa kofin sukari layi. Ita kuwa a duniya ba ta iya kallon abinci yana lalacewa. Ruwan shayi na kan wuta, sai ta tsoma ƙwan duka biyun a ciki, wai su daɗe.

Da yarinyar ta fito ta gani, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Kaka, kin dafa mini aikina!"

"To a mayar da su ruwan sanyi mana."

"Ba sa komawa. Har abada."

Nan fa Kaka ta tsaya da ludayi a hannu. Tausayi na cinta, amma tambaya ta fi cinta.

"Tsaya. Man shanu ya ji wuta ya narke. Kyandir ma haka, kuma in ya huce ya koma yadda yake. Shi ƙwai wane irin taurin kai ne da shi, wuta ta sa shi daskarewa?"

Jikar ta share ido, ta jawo zaren saƙar Kaka daga kwando. Ta ce farin ƙwai cike yake da furotin, kowanne dogon zare ne da aka naɗe shi tsaf, irin naɗin da ya dace da aikinsa. Zafi ya zo ya warware naɗin, zarurrukan su sarƙe da juna. Tana magana tana warwarewa tana cukuikuyewa.

"To raba su, Kaka."

Kaka ta ja nan, ta ja can. "Kin kashe mini zare, ja'ira. Wato nima in zazzaɓi ya yi yawa..."

"Shi ya sa ake saurin sauke shi."

Sai yarinyar ta ƙura wa zaren ido. Zumbur ta miƙe, ta zuba dafaffen ƙwan a jaka, ta haɗa da zaren da guntun kyandir, ta faɗa akurki ta ƙara ɗanye ɗaya. Kaza na kuka, Kaka na kuka.

Da la'asar ta dawo, tun daga ƙofa haƙora a waje. Da tambayar Kaka ta buɗe darasi, aji ya kaure da gardama, har shugabar ma ta ɗaga hannu. An ce ta fara aiki.

Kaka ta yi hamdala, ta rungume ta, ta shi mata albarka. Sannan ta sake ta, ta gyara zama.

"Madalla, Malama. Ƙwai uku ke nan, da zarena."