Tonik Sai Bayan An Ci Abinci

Magana ta cika layinmu wai tonik ɗin mai kemis ne ya ta da Tela, wanda ya dawo daga asibiti ƙasusuwan wuya a waje. Ni kuwa abin da kowa ya yarda da shi, shi nake fara tuhuma. Kalmar tonik ɗin ma na san ta. Turawa sun aro ta daga Girkanci, daga jan tsirkiya ta yi tauri, don likitocin dā sun ɗauka jiki saki yake yi, sai a sha abin da zai ɗaure shi.

Amma ƙanwata ta daina cin abinci tun rasuwar mijinta, zobenta har zamewa yake daga yatsa. Dole na yafa mayafi.

Na sami Tela a kan keken ɗinki, kumatu sun ciko.

"Malama, ɗinki ko bincike?"

"Bincike. Me ka sha?"

Ya nuna min kwalba a bayan zare. "Amma da sharaɗi, in ji mai kemis. In ciki babu komai, kankare hanji yake yi. Sai na cinye kwano. 'Yata ke tsare ni kamar ɗan fursuna."

A kemis na sa tabarau, na karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar har ƙasa.

"Ɗana, ina abin da ke kankare hanji a nan?"

Mai kemis ya sosa ƙeya, ya leƙa ƙofa. "Mama, rage murya mana."

"Tsofaffi kake yi wa ƙarya?"

"Wanda ya ƙi abinci ba ya ƙin magani, Mama."

Na daɗe ina kallonsa. "Naɗo min ɗaya, maƙaryaci."

A gida na tarar da ƙanwata kwance, fuska ga bango. Na ajiye kwalbar kusa da kwanon shinkafa.

"Yaya, ba ke ce kike cewa duk yaudara ce ba?"

"Wannan daban ne. Sai dai in ciki babu komai, kankare hanji yake yi."

Ta harare ni, ta tashi zaune da ƙyar. Na ɗauko cokali biyu. Tana ci tana mita, ina tura mata naman gefena, har muka ga gindin kwano. Ta sha tonik ta yatsina fuska.

"Zaƙi kamar na yara."

"Gobe ma haka za mu yi."

A cikin kwalbar akwai ruwa, da sukari, da ɗan maganin ƙarin jini. Ba ya kankare hanjin kowa.