Warin da Ke Farawa Daga Zauro

Shekara goma sha ɗaya Dikko yana jan motar Alhaji Labbo tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ya kai shinkafa ya dawo da albasa da busasshen kifi. Shi ke tuƙi, shi ke gyara. Ana saura wata biyu a karɓi mulkin kai, sai Alhaji ya ɗauko makanike, Kefas, mutumin ƙasar Jos, da akwatin sifanu masu ƙyalli. Daga ranar, ko tari motar ta yi sai a ce a kira Kefas. Kishi ya ci Dikko har tuwo ba ya wuce masa. Abin haushin ma, Kefas ba shi da abin ƙi, kullum sai ya rusuna ya ce, "Baba Dikko, ina kwana."

Ana nan sai motar ta fara warin fetur. Alhaji da kansa ya ji, ya ce a nemo inda take yoyo. Kwana uku Kefas yana fama. Ya ɗaure murfin tanki, ya kwance kafireta ya mayar, ya kwanta ƙarƙashin mota har bayansa ya ƙage. Ko ɗigo bai gani ba, domin da safe yake dubawa, inji da sanyi.

Dikko kuwa tun ranar farko ya gano. Warin ba ya tashi sai an wuce garin Zauro, inji ya ɗauki zafi. A can ya tsaya ya ɗaga murfin inji, ya ga bututun mai ya yi 'yar tsaga ƙarƙashin maɗaurinsa, yana ɗiga kan bakin salansa, zafi na shanyewa nan take. Ya mayar da murfi ya ja bakinsa ya yi gum. So yake a ga ƙarshen mai akwati. Da yamma in ya tarar da Kefas sharkaf da gumi har sannu yake masa, cikinsa fari tas.

Ran jajiberin bikin mulkin kai Alhaji ya ce ya ba da motar kyauta, za ta kai 'yan makarantar mata Argungu su yi maci. Da hantsi suka iso da fararen riguna da ƙananan tutoci, suna hawa baya. Dikko ya hango Sauda, 'yarsa ta fari, ta zauna daidai bayan kan mota. Shi da ya san fetur a kan ƙarfe mai zafi tartsatsi ɗaya yake jira!

Ya tayar da inji ya bar shi yana ruri har ya yi zafi, sannan ya kashe. Ya ɗebo garin gero wajen mai koko, ya jawo Kefas gefe.

"Taho ka gani, amma kak ka hwaɗi ma kowa," in ji Dikko.

Ya barbaɗa garin a kan maɗaurin. Nan da nan wurin ya jiƙe ya yi duhu. Kefas ya riƙe baki. Kafin rabin sa'a ya yanke bututun ya sa sabo.

Alhaji ya zo yana ta sa wa Kefas albarka. Kefas, bawan Allah, ya kasa cin yabon da ba nasa ba.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Baba Dikko ne gwani. Ko dubawa bai yi ba, hannu ɗaya ya kai wurin!"

Alhaji ya daina murmushi. Ya dubi Dikko, ya dubi garin da ke hannunsa.

"Ko dubawa ba ka yi ba? To yaushe kag gane?"

Dikko ya so ya yi ƙarya, harshe ya ƙi. "Kwana ukku, Alhaji."

"Kwana ukku kana ɗaukar mutane cikin wagga mota." Alhaji ya waiwaya ya dubi yaran. "In da ɗiyarka ba ta ciki hwa?"

Alhaji ya miƙa hannu, Dikko ya sa masa makullin mota, shi kuma ya ba Kefas. Kefas ya tsaya riƙe da shi kamar an ba shi garwashi, sai da aka daka masa tsawa ya hau.

Motar ta tashi lafiya lau, babu wari. Sauda ta leƙo tana kaɗa tuta.

"Baba, ba ka zuwa?"

Ya ɗaga mata hannun da ke da gari, har suka sha kwana.