Gurbi Ɗaya a Sashen Likitanci

Bayan La'asar barci ya sace Farfesa Haladu a ofishinsa, ransa a jagule. Gurbi ɗaya ya rage a sashen likitanci da yake shugabanta. Sahura, 'yar makarantar gwamnati a ƙauye, ita ta ci shi da guminta. Amma Alhaji Na'ibi, ƙusa a majalisar jami'ar, ya nace a ba ɗansa Fahad, ɗan makarantar kuɗi mai kwandishan har a banɗaki, alhali makinsa ko kusa bai kai ba. Farfesa kuwa, don tsoro, ya ce za a duba.

Sai ya tsinci kansa a ƙofar wani birni mai azabar zafi. Ga marigayi Malam Iro, malaminsa na firamare. Ya ce, "Biyo ni, Haladu."

Suka tarar da wasu ƙattai cikin manyan riguna suna lasar allo, harsunansu sun tsattsage, rubutun yana ta dawowa.

"Malam, su wa ke nan?"

"Masu makarantun da ke rubuta wa yara amsa ranar jarrabawa. Sai sun lashe abin da suka rubuta."

Gaba kaɗan ga iyaye, wayoyi jajur kamar garwashi sun manne musu a kunne. Malam ya ce, "Da kira ɗaya suka ture 'ya'yan talakawa. Kukan yaran suke saurare."

Farfesa ya yi tsaki, ya ce wallahi sun yi wa kansu. Malam Iro ko kallonsa bai yi ba, ya tura wata ƙofa. Gadaje ne jere, kowanne an ɗaure shugaban wani sashe, ɗalibin da ya shigar ta bayan fage yana tsaye a kansa da wuƙar tiyata. Gado ɗaya ba kowa.

"Malam, wannan fa?"

"Hau."

Kafin ya motsa an danne shi. Fahad ya sunkuyo da wuƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wai hanta a dama take ko a hagu?"

Wuƙa ta taɓa fata.

Ya farka da salati, gumi sharkaf. Ko ruwa bai sha ba ya kira Alhaji Na'ibi.

"Alhaji, gurbin na yarinyar ne. Fahad ya sake zana jarrabawa baɗi."

"Ni kake faɗa wa haka? To, sai na sa an tsige ka!"

"A tsige. Gara in bar ofis da in hau gadon nan."

"Wane gado kuma?"

Farfesa ya kashe wayar.