Bakin Yaya Uwani

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni kan tebur bayan azahar, ina cikin gyaran hoton Yaya Uwani a kwamfuta. Hotonta na farko ke nan tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta ce in taɓa komai ba. Ni ce na yi ta ƙara girman fuskar, ina neman yadda zan miƙe bakinta da ya karkace.

Sai na ganni tsaye a wani fili da aka shimfiɗa da ƙananan murabba'ai, wasu ruwan ƙasa, wasu jajaye. Akwatunan kayan gyaran hoto na cikin kwamfutar sun yi tsayi kamar ginin bene, suna matsowa ta dama da hagu, har numfashi ya yi mini wuya.

Wani tsoho ya fito daga tsakaninsu. Gilashin ƙara girma ne a gurbin idonsa.

"Baba, ina ne nan?"

"Leɓen yayarki kike takawa, 'yata. Kin matso har kin daina ganinta."

Na ɗaga ƙafa, na rasa inda zan sa ta.

Wani farin hannu marar jiki ya sauko, ya rufe akwatunan ɗaya bayan ɗaya kamar tagogi. Wuri ya buɗe. Hannun ya kama bayan rigata ya yi sama da ni. Murabba'an suka narke suka zama fata, fata ta zama kunci, sai ga ɗankwali, sai ga mutum. Yaya ce a tsakar gidanmu, sandarta yashe a ƙasa, tana tsaye da ƙafafunta tana dariya. Ni na ɗauki hoton, amma ban lura da sandar ba.

Ta juyo daga cikin hoton. "Ladidi, ke ma?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai murabba'ai suka yi ta zubowa daga harshena.

Sanyin tsumma a goshina ya farkar da ni. Yaya ce a kaina, ta dafa kujerata da hannunta mai lafiya. Ba ni take kallo ba. Bakinta take kallo, ya cika fuskar kwamfutar daga gefe zuwa gefe.

Na lalubi linzamin kwamfutar don in rufe hoton.

"Bar shi tukuna," in ji ta a hankali. "Ina so in ga abin da kuke gani."