Inci Biyu da Rabi

Malama ta hau saman bene bayan la'asar, kyamara rataye a wuya, ta tarar da yayanta tsugune gaban abin da ta hana kowa taɓawa. Magini ne, shekara ashirin yana ɗora bulo. Ma'aunin ruwansa na kwance a kan na'urar, sifana na hannunsa.

"Yaya, me ka yi?"

"Gyara. Kwana uku ina ganin abin nan a karkace kamar hular ɗan tasha. Idona ya gaji."

Na'urar ƙafa uku gare ta, da sanda mai ƙaramin inji da ke juya kyamara sannu a hankali don ta bi taurari. Dole sandar ta karkata ta nuna tauraron arewa daidai, in ba haka ba hoto ya fito kamar tonon kaji. Benen maƙwabta ya tare mata tauraron, shi ya sa ta kwashe yamma uku tana gwaji, tana murɗa noti kaɗan-kaɗan har ta dace. Yau ce rana ta ƙarshe da tauraruwa mai wutsiya za ta leƙo bayan faɗuwar rana. Minti ashirin za ta yi ta ɓace bayan tankin ruwa. Ba wanda zai sake ganinta a cikin masu rai a gidan.

Yanzu sandar na kwance sambal, ƙwayar ruwan ma'auni a tsakiya.

"Wa ya aike ka?"

"Au, na gode ɗin ke nan?"

"Karambanin akuya gai da kura. Ka san mene ne wannan?"

"Na san karkatacce in na gan shi. Ke da aka kashe shekaru ana koya miki sama, ba ki san ƙasa ba. Rufin da kike tsaye a kai ni na zuba shi, Auta."

"Ka zuba rufi. Ba kai ka zuba sama ba."

Daga ƙasa mahaifiyarsu ta ɗaga murya: "Ku biyun nan, unguwa na jin ku!" 

Malama ta dubi yamma. Rana ta kusa taɓa tankin. Aikin yamma uku ba ya yiwuwa cikin rabin awa, ta kuma san haka. Ta juya don kada ya ga idonta, sai ta ga alli a jikin katanga: layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da lamba a gefe.

"Wannan fa?"

"Shaida." Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Ba na taɓa aikin wani sai na auna ɓarnarsa na rubuta, don kada a zo a musa mini. Na ja igiya daga sandarki zuwa katanga. Inci biyu da rabi kika kauce. Ɗan koyo ya yi mini haka, ranar zai bar aiki."

Ta daɗe tana kallon layin sama. Ƙafafun na'urar na nan kan alamun da ta yi musu da fenti, bai gusar da su ba. Noti ɗaya kawai ya taɓa. Layin sama shi ne inda sandarta ke nunawa kafin ya taɓa ta.

"Mayar da ita."

"Ni? In karkatar da abu da hannuna?"

"Bari kawai. Dama miƙewa kowa ya iya. Karkatarwa daidai wa daida ce sai gwani."

Ya harare ta. Ya zaro igiya daga aljihu, ya ɗaura, ya ja ta zuwa katanga, ya rufe ido ɗaya. Yana murɗa notin yana tsaki. Da igiyar ta hau layin sama, ya saki sifana ta faɗi da ƙara.

"Ga shirmenki nan, cif."

 Ta ɗaura ɗan farantin ƙarfe a gindin kyamara, ta zura shi cikin bakin na'urar, ta matsar da ƙarfen nauyi har kyamara ta daina rinjaya ko ta ina. Ya miƙo sifana zai ƙara matse mata, ta buge hannun.

"Da yatsa ake ɗaurewa. Ba ƙofar gareji ba ce."

Ta kunna inji. Sama ta yi ja, ta yi toka. Can sama da tankin wani ɗan fari ya fito, da jela siririya. Ta danna, ta ƙirga, ta sake dannawa. Hoto goma sha biyu ta ɗauka kafin tanki ya haɗiye ta. Tara sun ja zane. Uku sun fito tsaf, taurari kamar an ɗiga su da allura.

Ya leƙo ta kafaɗarta, ya daɗe yana kallo.

"Wutsiyar ma a karkace take," ya ce, ya kwashi kayansa ya sauka.

Washegari ta sayo kwaɗo ta garƙame ƙofar saman bene. Yana shan shayi a tsakar gida yana kallonta ta jefa makullin a jaka.

"Ƙofar ma ni na kafa ta," ya ce. "Ƙusa huɗu ce kawai ke riƙe da ita."