Gurnanin da Aka Ara wa Kyarkeci

Tun ranar Lahadi Tilly ta ƙi zuwa bakin titi. Yarinyar da a da take riga kowa fita, ta ruga cikin ƙanƙara har inda motar makaranta ke tsayawa, karensu Rusty na biye da ita, yanzu ko baranda ba ta takawa sai an riƙe mata hannu. Da safe sai ta sa takalmi ƙafa ɗaya, ta zauna a ƙasa ta ce cikinta ke ciwo. Uwarta Janelle ta gwada lallashi, ta gwada faɗa, ta koma kai ta a mota da kanta. Sai ga malamarsu ta bugo waya, wai ko wasan waje yarinyar ba ta fita, tana tsaye jikin taga tana kallon itatuwa.

Janelle kuwa ta san mafarin abin.

Mijinta Royce jagoran mafarauta ne. Da hunturu, in tafkuna sun daskare a nan arewacin Alberta, baƙi kan zo daga kudu su sauka a gidansu, ya kai su harbin kyarkeci. Shi ke ɗaukar bidiyo, ita ke yankewa ta haɗa a kwamfuta, a kan teburin kicin, tsakanin girki da wanki. Bidiyon bana ne ke jawo baƙin baɗi. Ranar Lahadin nan sababbin baƙi suka iso, ana cikin cin abinci Royce ya ce ta kunna musu na Mista Hollis, mutumin Texas da ya tafi makon jiya. Ta kunna, har tana jin daɗin yadda suka yi tsit. Ta manta Tilly na ƙarƙashin tebur tana zane.

A bidiyon, Hollis da Royce na ratsa daji, ƙanƙara har gwiwa. Hollis ya durƙusa a kan sawu, ya waiga, ya ce cikin raɗa, "Sun kewaye mu." Kiɗa ya ɗauka. Sai wani gurnani mai tayar da tsikar jiki ya cika ɗakin, hoto ya girgiza, Royce ya yi ihu, bindiga ta tashi. Ƙarshe ga kyarkeci kwance, baki a wangale, haƙora a waje, kansa ya kusa kai faɗin ƙirjin mutumin da ke tsugune a bayansa.

Ranar Alhamis da safe Janelle ta durƙusa gaban 'yarta da ɗayan takalmin a hannu.

"Tilly, kyarkeci ba ya zuwa kusa da mutane. Tsoronmu yake ji."

"Ya zo kusa da Baba."

"Wannan ai bidiyo ne kawai."

"Na ji gurnaninsa, Mama. Da kunnena." Ta kama wuyan rigar uwar. "In ya cinye Baba fa? In ya biyo ni bakin titi fa?"

Janelle ta ajiye takalmin. Ran nan ba a je makaranta ba.

Ta sami Royce a rumfar bayan gida yana lodin mushe a kan akorin da babur ɗin ƙanƙara ke ja: cinyar saniyar da ta mutu a gonar maƙwabta, da barewar da mota ta buge. Duk sun sandare kamar itace.

"A'a, Madam mai haɗa fim," ya ce. "Kin zo ɗaukar jarumi yana aiki? Bari in gyara hula."

"Zan nuna wa Tilly bidiyon ainihi. Wanda ban taɓa ba."

Ya saki ƙafar barewar. "Wanda nake gyangyaɗi a ciki?"

"Har da munshari."

"Haba, Janelle. Yarinya 'yar shekara shida! Ki bar ta, tsoro ne, zai wuce."

"Ta daina fita ko baranda, Royce. Jiya ta jiƙa shimfiɗa. Kai kana daji, ni nake wanke zanen gado."

Ya cire safar hannu ya sake sawa. "Ba laifi muke yi ba. Doka ta yarda da ajiye nama don jawo kyarkeci. Kuma jeki tambayi masu shanu abin da kyarketai ke yi musu. Kowa haka yake haɗa bidiyonsa. Wa zai zauna kallon ƙato yana shan kofi a bukka?"

"Ban ce laifi ba ne. Cewa na yi 'yarmu ta yarda da abin da muka haɗa."

"Muka? Ni na sa gurnanin?"

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Shi dai shi ya tura sanda a bakin dabbar har ya daskare a buɗe, shi ya ja gawar nesa da tulin mushe zuwa inda ƙanƙara ke fes, shi ya ce wa Hollis ya matsa can baya don kan ya ƙara girma a hoto. Tafiyar cikin daji ma washegari aka ɗauke ta, a bayan rumfar nan, bayan an karya kumallo. Amma gurnanin nata ne. Ita ta ɗauki Rusty a waya suna wasan jan igiya da Tilly, ta rage saurin muryar har ta yi kauri, ta yanke dariyar yarinyar ta zubar. A lokacin har kiran Royce ta yi ya zo ya ji gwaninta.

"Ni na sa," ta ce. "Shi ya sa ni zan cire mata shi daga kai."

Royce ya kalli mushen, ya kalli gidan. "Tana ganina kamar wani gwarzo, Janelle."

"Na sani."

Ya tayar da babur ya tafi tafki.

Da hantsi ta haɗa wa Tilly cakulan mai zafi, ta ɗora ta a cinya, ta buɗe kwamfuta. Yarinyar ta rufe ido da tafin hannu.

"Babu kiɗa a wannan. In kin ce in tsaya zan tsaya."

Tilly ta leƙa ta tsakanin yatsu. Wata 'yar bukkar katako ce a bakin tafki, hitar gas mai ɗumama ɗaki na ci a kusurwa. Hollis ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, yana cin burodi da nama, yana ƙorafin ciwon baya. Royce na gefe, haɓa a ƙirji.

"Baba barci yake yi!" Tilly ta sauke hannu, ta ƙyalƙyale da dariya. Rabon Janelle da jin dariyar nan tun Lahadi.

Hoton ya koma ta 'yar tagar bukkar. Can nesa a tsakiyar tafki ga wani baƙin tuli, hankaki sun yanyame shi.

"Mene ne wancan?"

"Nama ne. Babanki ke kai shi, ya zuba masa ruwa ya daskare a wurin, don kada kyarketai su ja shi cikin daji."

Janelle ta tura bidiyon gaba sosai, sai ga wani abu toka-toka ya fito daga cikin itatuwa. Ɗan siriri ne, bai fi Rusty da yawa ba. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya shinshina iska, ya juya da gudu. Ya sake fitowa, ya kewaya can nesa, wutsiya a matse. Wani hankaka ya buɗe fiffike, kyarkecin ya yi tsalle baya.

"Tsoron tsuntsu yake ji," in ji Tilly.

"Tsoron kome yake ji. Da ya ji ƙanshin mutum, da ba ki gan shi ba ko a hoto."

"To gurnanin fa?"

Janelle ta ɗauko wayarta ta kunna mata na asali: Rusty na jan igiya yana gurnanin wasa, Tilly kanta na ihu tana cewa ya saki. Sannan ta rage saurin a gabanta, muryar ta yi ƙasa, ta zama ta ranar Lahadi. Rusty da ke kwance gindin murhu ya ɗaga kunne ɗaya.

Tilly ta juyo ta kalli uwarta. Ba ta yi dariya ba.

"Don me kika yi haka?"

"Don mutane su kalla, su zo wurin Babanki."

A kwamfuta kyarkecin ya kai ga tulin. Ya kwanta a kan cikinsa, ya dafe ƙashi da ƙafafun gaba yana gwaguya, sak yadda Rusty ke yi. A cikin bukka Royce ya farka, ya taɓa gwiwar Hollis. Janelle ta tsayar da bidiyon.

"Yunwa yake ji?"

"E."

"Mu muka ba shi abincin?"

"Mu ne."

Tilly ta daɗe tana kallon hoton da ya tsaya. Ba ta tambayi abin da ya biyo baya ba, ai ta riga ta gani. Ta sauka daga cinyar, ta je ta kwanta jikin kare.

Washegari ita ta sa takalmanta da kanta. Janelle na soya fanke, Royce na teburi yana ta satar kallon yarinyar, ya rasa ta inda zai fara. Can ya yanko guntun nama daga farantinsa ya miƙa ƙasa.

"Rusty, zo nan, tsoho. Zo ka karɓa."

Karen ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Kafin ya isa Tilly ta sha gabansa, ta riƙe shi a wuya da hannu biyu.

"Ya ƙoshi," ta ce.

Hannun Royce ya tsaya a iska da naman. A hankali ya mayar da shi faranti. Janelle ta juya musu baya, ta yi ta juya fanken da ya riga ya soyu.

Tilly ta goya jaka, ta buɗe ƙofa, ta kira karen. Ba ta nemi hannun kowa ba. Janelle ta tsaya a taga tana bin jar hularta da ido har bakin titi, har motar ta tsaya ta ɗauke ta, Rusty ya juyo gida shi kaɗai.

Royce ya fita ba tare da ya gama abincin ba. Baƙi na jiransa.

Da ta kwashe kwanuka, ta zauna gaban kwamfuta. Sabon bidiyo na jiran haɗi, kuma za ta haɗa shi, don da shi ake sayen takalman da aka sa yau da safe. Ta nemo inda ta adana gurnanin Rusty ta goge. Tulin mushen kuwa, da ta zo kansa ta daɗe tana kallo, sannan ta yanke shi daga bidiyon kamar kullum. Ta tashi ta zuba wa karen abinci a kwanonsa, ta koma gefe don ya ci.