Yadda Baba Ya Zama Kayan Tarihi

Gidan ya girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Wani attajiri ne ya gina shi tun wurin yana daji, mutumin da ba ya ƙaunar baƙi ko kaɗan. Shi ya sa aka yi masa matakala biyu, ɗaya tana kaiwa bene, ɗayar kuwa in ka hau ta sai ka yi karo da bango. Bayan rasuwarsa gidan ya zama asibiti, ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, daga baya aka ba wani matashin malamin lissafi ya ɗan zauna kafin a sama masa wuri. Ba a taɓa sama masa ba. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa, a nan ya zama farfesa, a nan matarsa ta rasu, ritaya ma a nan ta iske shi.

Sai a lokacin jami'a ta tuna gidan nata ne. Aka ce tsohon ya kwashe komatsansa kafin a dawo hutu, za a mai da gidan wurin kallo.

Autarsa ce abin ya fi damu. Malama ce a sashen tarihi, tana da ɗan gidanta a bayan gari. Duk sanda ta zo sai ta tarar da Baba zaune shiru yana kallon bango, zuciyarta ta karye. Ta yanke wa kanta hukunci cewa ranar da aka fitar da shi daga gidan nan, ranar zai bi mahaifiyarta. Ba ta tambaye shi ba. Malaman tarihi sun saba yi wa matattu tambaya, masu rai kuwa sai dai a gaishe su a wuce.

To, akwai Kwamitin Adana Gida, kuma doka ɗaya tak yake da ita: duk abin da ya riga kwamitin zuwa gidan kayan tarihi ne, ba a gusar da shi, ba a sake masa kama. Ba da wasa suke ba. Wani kafinta ya taɓa toshe yoyon rufin falo don neman lada, suka sa ya koma sama da ƙusa ya huda wurin yadda ya same shi. Gidan rinar da ke bayan ƙofar kicin ma yana ƙarƙashin kariyarsu, rinar ta harbi shugabannin jami'a har biyu ba wanda ya iya ce mata uffan.

Ranar zaman kwamiti Auta ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, mahaifina ya riga kwamitin nan zuwa gidan."

Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya goge. Mutum ne da bai taɓa jin maganar da ta dace da doka ya ƙi ta ba, komai rashin kanta.

"Amma kayan tarihi ba sa cin abinci," in ji wani malami daga can ƙarshen tebur.

"Rinar fa, iska take sha?" Shugaba ya ce masa. Sannan ya juyo. "Malama, na asali ne, ko an taɓa yi masa gyara?"

"Haƙoransa na ƙasa ne kawai na roba, ranka ya daɗe."

Aka yi ta muhawara a kan haƙoran har lokacin tashi ya wuce. Daga ƙarshe aka amince gyara ne na tilas, bai ɓata asalin abin ba. Auta ta fito kamar ta taka rawa don murna.

Washegari kwamiti ya je ganin sabon kayansa ba tare da sanarwa ba. Suka sami Baba a falo cikin tsohuwar rigar sanyi, rediyo a cinyarsa, gemu ya kwana biyu bai ga aska ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan yana nemansa a ƙarƙashin kujera. Aka ɗauki hoto. Shi ke nan, kamar da tarihi ya san shi da ita ke nan.

Aka kewaye kujerar da jar igiya. Aka ɗauki wanzami aiki na musamman don kada gemun ya ƙaru ko ya ragu. Ɗaya takalmin da aka gano, aka mayar da shi ƙarƙashin kujera. Daga safe zuwa yamma ɗalibai suna shigowa layi-layi, mai yi musu bayani yana nuna matakalar da ba ta zuwa ko'ina, ya nuna yoyo, ya nuna Baba. Da Baba ya gyara masa wata shekara da ya faɗa ba daidai ba, sai aka roƙe shi ya daina sa baki, yana rikita masu kallo. Bayan an tashi yana da damar ya zaga cikin gida, amma ba ya ƙetare bakin ƙofa, don kayan tarihi ba sa fita harabar da aka same su.

Auta tana ganin duk wannan, abin yana ɗan sosa mata rai, amma sai ta ce ai dai yana gidansa.

Wata rana da yamma ta taso daga aji ta bi layi kamar kowa. Da ta iso gaban igiya ta ga Baba ya rame. Ta miƙa hannu za ta gyara masa wuyan riga.

"Malama, a yi haƙuri, ba a taɓawa," in ji maigadi.

Ta janye hannun, kunya da haushi suka kama ta.

"Baba, sannu da gida. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Auta. Ƙafar nan ce dai take jin sanyi."

"Ka yi haƙuri, Baba. Na san akwai takura, amma ka ga ba wanda ya isa ya fitar da kai yanzu. Har abada."

Ya rage muryar rediyo, ya dube ta.

"Haka suka ce mini. Wai ke kika tsaya mini."

"Ni ce, Baba. Na ga yadda kake zama kana kallon bangon nan."

"Ina kallonsa ne don na gaji da shi, 'yar nan. Tun da uwarki ta tafi, gidan nan ya yi mini girma. Da suka ce in tashi, wallahi daɗi na ji. Na ce to, yanzu Auta za ta ce in koma wurinta."

Ta sunkuyar da kai.

"Kullum kika zo sai in yi shiru in ba ki dama," ya ce. "Uba ba ya roƙon ɗaki a gidan 'yarsa."

"Baba, me ya sa ba ka…"

"Malama, a ɗan matsa gaba," in ji maigadi cikin ladabi. "Akwai mutane a bayanki."

Ta matsa. Wasu ɗalibai mata suka maye gurbinta suna ɗaga waya, ɗaya ta ce don Allah Baba ya ɗan yi murmushi. Daga bakin ƙofa Auta ta waiwaya, hawaye na zubo mata, ta ga ya yi musu murmushin.